Hattara da motar turbo da aka taɓa wa ƙwaƙwalwa

'Yan uwa mazauna Legas, musamman masu sayen mota su haura da ita Arewa, a yi hattara. Akwai dillalan da ke tallata motoci masu turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, a Facebook da WhatsApp, suna rantsuwa cewa tokumbo ce, yadda ta sauka a Tin Can haka take, alhali an riga an sauya lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, wadda makanikai ke ce wa burenbos. Wanda ya fara hawanta a Amurka ko Turai ya sa an ƙara wa turbo matsin iska da mai don ta ƙara gudu, ya more ta son ransa, ya sallama. Irin su Golf GTI da Audi A4 da BMW 335i an saba yi musu wannan aikin.

Ranar gwaji ba za ka ga aibu ba. Kana taɓa totur za ta zabura, dillali yana gefe yana cewa, "Alhaji, ka ji inji!" Matsalar ita ce yawancin irin wannan lissafi an tsara shi ne don fetur mai ƙarfi fiye da wanda muke sha a gidajen mai. Ka haɗa da zafin garin nan da cunkoson Oshodi, sai inji ya fara ƙwanƙwasa, fistin ya ci wuta, giyabos ya soma fizga. Wani maƙwabcina a Agege, da kuɗin fansho ya sayi tasa. Yanzu tana kan duwatsu a gareji, ana nema mata inji a Ladipo, dillalin kuwa ya daina ɗaga waya. Abin ya yi mini ciwo matuƙa.

Kafin ka biya ko sisi, ka zo da bakaniken lantarki naka, ba na mai sayarwa ba. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ramuka 16, wanda tun 1996 ya zama dole a motocin Amurka. Ya jona na'urar bincike, ya karanto lambar manhajar injin da lambar tantance ta, a gwada su da na kamfani bisa lambar shasi mai harufa da lambobi 17. Ya duba ko lambar shasin da ke cikin ƙwaƙwalwar ta yi daidai da ta jikin gilashin gaba. Sannan ku hau titi na'urar tana jone, a ga iyakar matsin da turbo ke kaiwa. In ya zarce na kamfani, magana ta ƙare. A Volkswagen da Audi har adadin sau nawa aka sake rubuta manhajar ana iya gani.

A kuma leƙa burenbos ɗin da ido. Kan sukurori a gurje, sabon gam a bakin murfi, alama ce an buɗe shi. A duba salansa: in an cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, amma fitilar gargaɗin inji ba ta kama ba, da alama an rufe mata baki ne ta cikin manhaja.

Duk dillalin da ya ce na'ura za ta lalata masa mota, ko ya ce wani na tafe da kuɗi daga Alaba yanzu-yanzu, bar masa kayarsa. In kuma ya amsa cewa an taɓa ta kuma kana so a haka, a rage kuɗi, a rubuta a takardar ciniki gaban shaidu, a mayar mata da manhajar kamfani kafin ka kama hanyar Ibadan.