Hattara da masu cusa wa masu bas rim ɗin ƙaramar mota

Masu bas da masu motocin kaya na Garwa da Marwa har Kusuri, a yi hattara. Akwai wasu da ke tallar rim na alminiyam a Facebook da zaurukan WhatsApp, wai sabuwar sauka ce daga Turai. Maganarsu ɗaya: "Alhaji, ramukan noti sun yi daidai, ɗaura kawai ka tafi." Kafin ka ga kaya da idonka sun nemi ka tura kafin alƙalami ta waya.

Ramukan kam suna iya yin daidai, a nan damfarar take. Bas ɗin Volkswagen T5 da ƙananan BMW da yawa noti biyar ne tsari ɗaya, 5x120, wato ramuka biyar a da'ira mai faɗin milimita 120. Bas ɗin Mercedes Vito da Volkswagen T4 kuma 5x112 ne, irin na ƙananan Mercedes da Audi. Sai dai kowane rim da iyakar nauyin da aka ƙera shi ya ɗauka. Na ƙaramar mota galibi kilo 500 zuwa 700 ne. Bas fa? Duba ɗan faifan ƙarfen da ke jikin ƙofa ko cikin bonet: lamba 1 iyakar nauyin da ƙafafun gaba za su ɗauka, lamba 2 na baya. In ka ga 1,800 a baya, raba biyu, kowane rim sai ya iya kilo 900. Wannan ma in ba a wuce ƙa'idar lodi ba, kuma mun san halinmu da buhunan albasa a saman mota.

Abin ya fi tsanani ga masu mayar da bas ɗakin kwana don doguwar tafiya. Gado, katako, batir, tukunyar gas, ga tankin ruwa da kowace lita kilo guda ce, kuma nauyin nan ba ya sauka dare da rana.

Na juya irin rim ɗin nan a wajen wani mai faci. Gaba sai sheƙi, baya kuma daidai inda ya kamata a ga rubutun nauyi an goge da giranda an fesa fenti. Ka shafa da yatsa za ka ji wurin ya ɗan lotsa. Kusa da shi ga tabon walda, ashe ma tsagagge ne aka ɗinke. Alminiyam ba ya yawan gargaɗi. Rim na ƙarfe kan lanƙwashe a buga ya miƙe, na alminiyam ko tsagewa yake a ɓoye, ran da ya haɗu da rami irin na hanyar Mora zuwa Dabanga ya fashe da mutane a ciki.

Kada ka biya ko sisi sai ka kifa rim ɗin ka karanta nauyinsa da kanka. In da tambarin Japan ne, JWL na ƙananan motoci ne, JWL-T na masu ɗaukar kaya. Mai kaya ya ce fenti ya rufe rubutu, bar masa abinsa. Ya ce zai faɗaɗa ramukan noti ko ya sa maka wasu notunan daban don ya zauna, wannan ba ciniki ba ne.

Tayar ma a duba. Ta bas tana da harafin C, misali 195R15C 106/104 da ake sa wa Hiace, inda 106 ke nufin kilo 950. Mutanen nan kan haɗa maka da taya mai lamba 91 a matsayin gyara, alhali kilo 615 kacal take ɗauka.