Nissan Micra K13: rangwamen sayenta da darajarta a hannu na biyu

Micra ƙirar K13 mota ce mai sauƙin riƙewa. Injinta lita 1.2 ne, silinda uku, ba ta shan mai sosai. Matsalar sai ranar sayarwa take fitowa.

Har zuwa 2010, a Sunderland ta Ingila ake haɗa Micra da ake sayarwa a Turai. Daga K13 aikin ya koma Chennai ta Indiya. Injin bai da aibu, amma robar cikin motar tauri gare ta, in ka ƙwanƙwasa dashbod sai ya yi ƙara kamar fanko. Masu saye sun lura, sai dillalai suka riƙa zabga rangwame don ta fita. Shi kuwa mai sayen ta hannu, da kuɗin da aka biya a zahiri yake auna tayinsa, ba da farashin takarda ba. Ragin da mai ita na farko ya samu, rabinsa aro ne da zai biya ranar sayarwa.

Don sanin ƙasar da aka haɗa motar, duba harafin farko na lambar shasi a gindin gilashin gaba: S Birtaniya, M yankin Indiya da Tailan, J Japan. Wadda aka sabunta a 2013 ta fi kyan ciki, kuma mai giyar hannu ta fi mai CVT (wani nau'in giya mai sauya kanta) kwantar da hankalin mai saye, don gyaran CVT akwai tsada.