Wata uku da manhajar darussan imani

Ƙanwata ce ta saka mini manhajar nan a waya, yau wata uku ke nan ina sauraro. Malamin ba ya gaggawa ko kaɗan. Ayoyi 11 na farkon Suratul Mu'minun sun ci masa darasi shida, kuma a kan riƙon amana da cika alkawari ya fi daɗewa. Ranar da ya kawo aya ta 14 ta Hujurat, inda aka ce wa Larabawan ƙauye su ce sun musulunta, don imani bai shiga zukatansu ba tukuna, sai da na tsayar da sautin. Bashin wata baiwar Allah ne ya faɗo mini, na daɗe ina mata yawo da hankali.

Abin haushi, talla tana faɗowa ana tsakiyar aya, kuma in ba intanet manhajar ba ta buɗewa. Tauraro huɗu na ba ta.