Daga Manila: Labarin Dogon Cebu da Maganar Autanka

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna da iyali duk suna lafiya. Na ga hoton Sallah da ka turo, autanka ya tsaya kusa da kai har ya kere ka, shekararsa 15 kacal. Ka ce ya nace wa ƙwallon kwando, kai kuma kana ganin shiririta ce, in ba ka shawara. Ka kuma tambayi yadda kaya da zaman garin nan suke. A wurina maganar ɗaya ce, don haka bari in bi da kai ta kan wani ɗan wasan ƙwallon kwando da duk ƙasar Filifins ta sani, June Mar Fajardo.

An haife shi a 1989 a tsibirin Cebu, ya tashi a wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Pinamungajan, gidansu ba na masu hali ba ne. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 10, a ƙasar da yawancin maza ba dogaye ba ne. Jami'ar Cebu ta ɗauke shi yana karatu yana buga mata wasa, kamar yadda jami'o'in nan ke yi: ka buga, su ɗauke maka kuɗin makaranta. A can ya faɗa hannun Ramon Fernandez, tsohon gwani da ya taɓa zama gwarzon shekara sau 4, shi ya koya masa yadda dogo ke kafa ƙafa a ƙarƙashin kwando. A 2012 babbar gasar ƙasar, PBA, ta yi zaɓen sababbin 'yan wasa, shi aka fara ɗauka. Daga 2014 zuwa 2019 babu wanda ya karɓi kambin gwarzon shekara sai shi, sau 6 a jere, ya wuce malamin nasa.

Abin da nake so ka duba, Yaya, ba kofunan ba ne, hanyar da ya bi ce. Kowace unguwa a nan, wadda suke kira barangay, tana da filin ƙwallon kwando, da siminti, da yawansu har da rufin kwano da fitilu. A filin ake taron unguwa, a nan ake rigakafi, in guguwa ta taso a nan ake tsugunar da mutane, da an share kuma yara su dawo da ƙwallonsu. Inda babu fili sai su kafa zoben ƙarfe a jikin bishiyar kwakwa ko falwaya, su buga da silifas. Lokacin zafi, wajen Afrilu da Mayu, unguwanni na shirya gasa, da alƙalin wasa da riguna masu lamba, tela na nan a bakin layi yana ɗinka su. Yaro mai tsawo ba ya ɓacewa a irin wannan wuri, dole wani ya gan shi. Mu kuwa dogayenmu nawa ne a Fagge da Kurna da ba su taɓa riƙe ƙwallon ba? In ka cire ɗakin wasa na Ƙofar Mata da filayen wasu makarantu, ina yaro zai je? Kuma ba baiwa muka rasa ba. Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin ƙasa a wannan wasa, Masai Ujiri da ya jagoranci Toronto ta ci kofin NBA, babbar gasar Amurka, a 2019 a Zariya ya tashi.

Wasan dare kuwa wuta ke riƙe da shi. A Manila sai in yi watanni ban ga an ɗauke ba, sai dai in guguwa ta kayar da waya. Amma kada ka ce kyauta ce. Kuɗin wuta a nan yana da zafi ƙwarai, ni fanka nake kwana da ita, na'urar sanyaya ɗaki sai zafi ya kai maƙura nake kunnawa. Ruwan famfo yana zuwa, na sha kuma akwai shagunan tacewa a kowane layi, a cika maka shuɗiyar jarka a kawo har ƙofa, kamar 'yan garuwa amma tatacce.

Wurin da na fi tsayawa a labarinsa shi ne Fabrairun 2020. Yana atisaye ƙashin ƙwaurinsa na dama ya karye. Mutum mai irin nauyinsa, a irin wannan sana'a, mutane da yawa sun ɗauka shi ke nan. Aka yi masa tiyata, ya rasa kakar wasa guda cur, ya yi ta gashi da motsa jiki a hannun ƙwararru har ya dawo a 2021. A shekarar kuma mahaifiyarsa ta rasu. A 2022 aka buge shi a maƙogwaro, aka sake yi masa aiki. Duk da haka a 2023 ya sake zama gwarzon shekara, ya maimaita a 2024. Na tuna abokinmu na makarantar kwana da ya karye a filin ƙwallon ƙafa, aka kai shi wurin mai ɗori, ƙashi ya kama amma ƙafar ta gajarce, wasa ya ƙare masa tun bai cika ashirin ba. Su ma nan suna da masu ɗorin gargajiya, hilot suke ce musu, kuma talakan nan in ya shiga asibitin kuɗi yana kuka kamar namu. Bambancin shi ne Fajardo yana da ƙungiya da kwantiragi, ita ta tsaya masa. Gasar tasu ta PBA tun 1975 take, ita ce ta farko ta ƙwararru a nahiyar Asiya, ana biyan albashi, ana nunawa a talabijin.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Ƙungiyarsa sunanta San Miguel Beermen, ta kamfanin giya ce, shi ya sa ban taɓa sayen rigarta ba kuma ba zan turo wa yaro ba. Kamfanin ne dai ke da gidajen man Petron da kajin Magnolia, har lokacin da aka ɗauke shi ƙungiyar sunan Petron take amsawa. Ni mutumin nake kallo. Na je Araneta Coliseum, inda Muhammad Ali ya dambata da Joe Frazier a 1975, na hau can saman kujerun masu araha na ga wasansa. Mutum biyu ko uku suke rufar masa, su ture shi su ja masa riga, shi ko a jikinsa, ya jefa ƙwallo ya juya abinsa. Ba hayaniya, ba bugun ƙirji. Ranar da 'yan wasan ƙasar Filifins suka ci zinaren gasar Asiya a Hangzhou a 2023, suka doke Jodan 70 da 60, karon farko tun 1962, maƙwabtana ihu suka yi ta yi har dare.

Batun ciki kuwa gida ya fi nan nesa ba kusa ba. Shinkafa ce safe da rana da dare. Naman alade ya shiga kusan komai, har abin da ba ka zata ba, sai ka tambaya kafin ka ci. Naman halal sai na tafi Quiapo, kusa da masallacin da suke kira Golden Mosque, inda Musulmin Mindanao, kudancin ƙasar, ke kasuwanci, tafiyar kuma in ka faɗa cunkoson hanya rabin yini ce. Babu gero, babu dawa, babu kuka, babu daddawa. Farkon 2023 albasa ta yi tsadar da kilo ɗaya ya fi kilon nama kuɗi, na riƙa tuna buhunan Aliero jibge a kasuwar 'Yankaba. Ƙananan shagunansu na unguwa, sari-sari, sak namu ne: omo ɗan ƙulli, man girki na cokali, bashi ga wanda aka sani. Gwanjo ma akwai, ukay-ukay, sai dai takalmin babbar ƙafa ya fi sauƙin samu a Ƙofar Wambai.

Kada wani ya zo maka da zancen zai kawo yaron nan Manila a ba shi kuɗi. Gaskiya ne 'yan Afirka sun yi suna a gasar jami'o'i, Bright Akhuetie ɗan Najeriya ya zama gwarzonta a 2018, Ange Kouame haifaffen Kwaddibuwa har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa yana cikin waɗanda suka ci zinaren can. Amma ƙofar ta matse. Babbar gasar jami'o'in baƙo ɗaya tal take yarda kowace makaranta ta sa, ɗaya gasar kuma ta daina ɗaukar baƙi gaba ɗaya. Kada a sayar da fili ko gona a kan alkawarin dillali.

Shawarata, ka bar shi ya buga, da sharaɗin sakamakon jarrabawa, domin shi ma Fajardo ta ƙofar makaranta ya shiga. Ka kai shi Ƙofar Mata da kanka ka ga mai horar da su ido da ido. In ya ji ciwo a gwiwa ko idon sawu a fara ɗaukar hoton ƙashi kafin kowa ya taɓa shi, wannan ni zan biya. Akwai wani ɗalibi da zai taho gida ƙarshen wata, zan ba shi ƙwallo biyu da famfon hura su. Ka sa auta ya taka farar takarda a zana sawunsa a auna da santimita, ka turo min kafin Juma'a, ko Allah zai sa in dace da takalmi. In ɗalibin zai dawo, a roƙa min Inna kuka da daddawa, a ɗaure su sosai saboda jami'an filin jirgi.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka.