Sharhi kan ofishin taimaka wa 'yan gudun hijira samun aiki a Accra

Duk ɗan gudun hijirar da ya iso Accra aka nuna masa ofishin ƙungiyar agajin da ke taimaka wa irinmu neman aiki, shawarata ita ce ya je, amma ya san abin da zai samu a can da abin da sai ya nema a cikin zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi. Ni daga gabashin Burkina Faso na fito, inda hare-haren 'yan bindiga da suka fara tun 2015 suka raba mutum fiye da miliyan 2 da muhallinsu. Da yawa daga cikin waɗanda muka tsallako iyaka tare sun tsaya a arewacin Ghana, wasu a matsugunin Tarikom da ke yankin Zebilla, ni kuwa na gangaro unguwar Nima da ke Accra ne saboda ina da kawu a nan. Sana'ata gyaran babura, kuma da ita na ciyar da iyalina tun kafin rikicin ya kai garinmu.

Inda ofishin ya fi amfanata shi ne wajen takardu. Kafin in je, a zatona katin da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ghana ke bayarwa ya isa mutum ya shiga kowane irin aiki. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni, wadda ta ji Hausa sosai domin ita ma 'yar zango ce, ta zaunar da ni ta bayyana mini cewa dokar 1992 ce ta kafa hukumar, kuma katin nata shaida ce ta izinin zama, amma wanda zai yi aikin albashi a kamfani yana buƙatar takardar izinin aiki, wadda Hukumar Shige da Fice ke bayarwa. Ta kuma ja hankalina kan wani abin da ban taɓa ji ba, wato dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan ƙasa kaɗai, irin su talla da kasa kaya a kasuwa da buɗe shagon aski. Wannan bayani ya hana ni zuba ɗan abin da na tsira da shi a cikin tebur na sayar da kayan babur a bakin titi, kamar yadda wasu suka yi ta zuga ni in yi. Ba a karɓi ko sidi ɗaya daga hannuna ba, kuma ba a taɓa yi mini kallon mabaraci ba, wanda duk wanda ya bar gidansa ba da son ransa ba ya san darajarsa.

Darasin Turanci da suke bayarwa ma yana da kyau, musamman ga mu da muka yi makaranta da Faransanci. Sai dai a gareji Hausa da yaren Tuwi na kudancin Ghana ne suka fi aiki, don haka da sun haɗa da ɗan Tuwi na ciniki da amfanin ya fi haka.

Abin da ban gamsu da shi ba shi ne tsarin koyar da sana'a. An tara mu a aji ɗaya, da makiyayi da tela da malamin makaranta da ni bakanike, aka ce mu zaɓi tsakanin yin sabulu da rini da aikin kwamfuta. Ba na raina waɗannan sana'o'i, kuma na ga matan da suka amfana da su ƙwarai, amma mutumin da ya zo da sana'a a hannunsa ba sabuwa yake nema ba, yana neman wanda zai gwada shi ne ya tabbatar da iyawarsa. An ɓata lokaci mai yawa wajen rubuta mini takardar tarihin aiki, alhali babu maigidan gareji ko ɗaya a Nima ko Mamobi ko Abossey Okai da zai karanta ta. Tambayar da kowannensu ke yi ɗaya ce: wa ya san ka, kuma wa zai tsaya maka? Tambaya ce mai hujja, domin wanda zai bar maka babur ɗin mutane da akwatin kayan aikinsa dole ya san ƙofar da zai buga idan wani abu ya ɓace. A wannan gaɓa ofishin ba shi da amsa, saboda ƙa'idarsu ba ta ba su damar tsaya wa kowa ba.

Kawuna ne ya kai ni gaban limamin masallacin unguwarmu, shi kuma ya aika aka kira wani mai gareji. Da ya zo, liman ya ce masa, “Alhaji, ga ɗanka na kawo maka, ka gwada hannunsa.” Alhaji ya miƙo mini injin da ya ƙi tashi, na kwance shi na ɗaure, washegari na fara aiki. Adalci ne in faɗa cewa bayan haka ofishin ya sake yin rana, domin su ne suka ba ni tallafin kayan aiki, kuma su ne suka nace a rubuta yarjejeniya tsakanina da maigidana a kan abin da zan riƙa samu. Sun nuna mini cewa mafi ƙarancin ladan yini a Ghana a 2025 sidi 19.97 ne, adadin da bai kai kuɗin abinci da na mota a Accra ba, amma sanin sa yana hana a yi wa baƙo aikin banza da sunan koyo.

Da ma'aikatan za su karɓi shawarata, da sun zauna da sarakunan zango da limamai da shugabannin masu sana'a, su tsara yadda za a riƙa gwada masu iyawa da kuma samar musu mai tsaya musu, domin ba kowa ne ke da kawu a Nima ba. Wanda zai je ofishin kuwa ya riƙe katinsa na hukuma da duk wata shaidar aikin da ya taɓa yi, ko da hoto ne a waya, kuma ya faɗi sana'arsa tun a zaman farko, kafin a rubuta sunansa a wani aji.