Fatar Tumbi da Fatar Kashi na Huɗu na Cikin Akuya

Duk wanda ya taɓa wanke kayan cikin jar akuya a Sakkwato ya san fatar tumbi kaushi gare ta kamar tawul, alhali kashi na huɗu na cikin, wato na ƙarshe a sassa huɗu da cikin akuya ya kasu, santsi ne zalla.

Fatar tumbi rufi huɗu ce, kuma tsotsa ce sana'arta: tana jan sinadaran sodiyam da magniziyam zuwa jini, tare da hana ƙwayoyin cuta ratsawa. Idan aka cika wa dabba hatsi, tsami yakan yi yawa a tumbi har wannan shinge na fatar ya raunana, ƙwayoyin cuta su isa hanta.

Kashi na huɗu kuwa rufi ɗaya gare shi, kuma da kansa yake fitar da asid mai ƙarfi, yana kare fatarsa da yauƙi. A ganina tumbi ya fi buƙatar kulawar makiyayi, domin abinci ya fi saurin ɓata shi.