Zango guda da wasan cike gidajen kalmomi a ajin kimiyya

Yarinyar da ke taya uwarta girki ta san man gyaɗa saman ruwa yake tasowa. Yaron da ke hawa a-daidaita-sahu kullum ya san idan direba ya taka birki, jikinsa gaba zai yi. Duk sun san abin. Sunansa na Turanci ne ba su da shi, kuma da Turancin za a tambaye su ranar jarrabawar kammala aji uku. Shekara da shekaru ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma nan ne kullum keken yake tsaya mini: in rubuta kalmomi goma sha biyar a allo, su kwafa, mu maimaita da ƙarfi, bayan mako biyu in tambaya a yi tsit.

A zangon da ya wuce wata abokiyar aikina mai koyar da Turanci ta nuna mini wani shafin intanet na kyauta da ke haɗa wasan cike gidajen kalmomi. Wasan nan ne da ake gani a bayan jaridu, mai akwatuna kamar gidajen dara, wasu kalmomi a kwance wasu a tsaye, suna gilma juna a kan harafi guda. Tsohon wasa ne, wani ɗan jarida haifaffen Ingila mai suna Arthur Wynne ya fara buga irinsa a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. Aikin shafin ba wuya: ka rubuta kalma, ka rubuta tambayarta a gefe, ka jera kamar ashirin, ka danna, ya fito maka da zanen da kuma takardar amsa. Na yi amfani da shi mako goma a aji biyu, sau ɗaya a mako, mintina ashirin na ƙarshen darasi.

Makon farko na yi abin da kowa zai yi, na kwashe ma'anonin daga littafi da Turancinsu na zuba. Yara uku ko huɗu suka gama, sauran suka zura wa takarda ido. Tambayar ta fi amsar wuya. Sai na juya abin: amsa da Turanci, tambaya da Hausa, kuma daga abin da suke gani a gida. "Abin da ke cinye ƙasan silifas, kuma shi ke sa ashana ta kama." FRICTION. "Dalilin da ya sa fasinja ke yin gaba idan an taka birki." INERTIA. "Ruwan da ke taruwa a cikin murfin tukunya, ta wace hanya ya zo?" CONDENSATION. "Abin da ake rubutawa bayan lamba a jikin ƙwan lantarki, sunan wani injiniya ɗan Sikotilan ne." WATT. Ranar ajin ya ɗauki hayaniya irin wadda malami ke so, ta gardama. Na ji wata daga bencin baya tana ce wa 'yar'uwarta, "Ke, ba shi ba ne, wannan na randa ne, wanda ke sa ruwa sanyi." Tana nufin ƙafewar ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa, wanda ke tafiya da zafi. Ta riga ta raba shi da na murfin tukunya, kalmar kawai take nema.

Inda wasan ya fi burge ni shi ne rubutu. Mu Hausawa mun san halinmu da P da F, da kuma V da B. Na sha gyara BOLUME da jan biro har na gaji, kuma yaro ya karɓi littafinsa ya rufe bai duba ba. A wasan nan kuwa na ga wani yaro ya rubuta BOLUME a tsaye, ya zo kan LEVER a kwance, wadda ya haddace ta daidai, ya tarar da B zaune a gidan da V ya kamata ta shiga. Ya daɗe yana kallo. Ya goge, ya gyara, bai kira ni ba. Haka FRESSURE ta gyaru da ta haɗu da SPEED. Gidajen ba sa karɓar ragi ko ƙari, don haka mai jefar da harafi guda a TEMPERATURE zai ga gida ya rage fanko, dole ya koma ya nemo abin da ya yar.

Amma wannan ƙidayar gidajen ita ce kuma babbar ɓarakar wasan, kuma sai da na yi mako huɗu kafin na farga. A Hausa kalma ɗaya muke da ita, nauyi, ga abubuwa biyu da kimiyya ta raba. Buhun masara mai kilo 100, kilo 100 ne a Dawanau, kilo 100 ne ko a duniyar wata aka kai shi, domin yawan abin da ke cikinsa bai canza ba. Jan da ƙasa ke yi masa kuwa, wanda ake aunawa da newton, kusan 980 ne a nan, a wata kuma bai fi kashi ɗaya cikin shida na haka ba, wajen 160. Na farko MASS, na biyu WEIGHT. Na sa su duka a wasa ɗaya ina murna, kusan kowa ya ci. Da na tsayar da wani mai ƙoƙari na ce ya gaya mini yadda ya bambance su, sai ya ce, "Malam, ai wannan gida huɗu ne, wancan shida." Gaskiya ya faɗa. Ya cike daidai bai fahimci komai ba. Haka ma zafi: HEAT gida huɗu, TEMPERATURE goma sha ɗaya, ko makaho ya laluba zai raba su, alhali yaron bai san cewa cokali guda na tafasasshen ruwa da tukunya guda suna iya zama a digiri 100 su duka, amma zafin da tukunyar ta tara ya ninka na cokalin nesa ba kusa ba.

Shafin ba zai gaya maka wannan ba, kuma ba shi da maganinsa. Maganin da na samu shi ne zaɓen kalmomi masu tsawo ɗaya. FORCE, POWER, SPEED, JOULE, SOLID, LEVER duk gida biyar ne. WEIGHT, ENERGY, VOLUME, MATTER, NEWTON, LIQUID duk shida. DENSITY, GRAVITY, INERTIA bakwai. Idan wasan ya cika da irin waɗannan, ƙidaya ba ta fid da kowa, sai an karanta tambayar an yi tunani. Da yake ƙungiya-ƙungiya suke yin wasan, na kuma kafa doka: ƙungiyar da ta riga gamawa ba ta ci ba sai na zaɓi mutum ɗaya a cikinsu, ba wanda suka tura ba, ya ɗauki kalma biyu ya bayyana su da bakinsa, da Hausa ko da Turanci. Tun daga nan masu ƙoƙari suka fara koya wa na kusa da su, don kada a kayar da su.

Shi kansa shafin yana da abubuwan da suka ba ni haushi. Idan ya kasa samun inda zai saƙa wata kalma, sai ya yar da ita shiru, ba sanarwa. Na taɓa shiga aji da wasa mai kalma goma sha bakwai ina zaton ashirin ne, kuma cikin ukun da suka ɓace har da wadda darasin ranar ya ginu a kanta. Yanzu sai na ƙirga kafin in buga. Na biyu, haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, a waya suna fitowa lafiya, amma a takarda sai suka koma alamar tambaya. "Ƙarfi" ta zama wani abu da ba ya karantuwa. Dole na riƙa kwafe zanen kaɗai, in sake buga tambayoyin a kwamfutar shagon da nake ɗab'i. Na uku, duk dannawa sabon zane yake bayarwa. Wannan yana da amfani, domin kana iya raba iri biyu a benci ɗaya ka rage leƙe, sai dai idan ka manta ka adana takardar amsa tare da zanenta, ta tafi ke nan.

Sai kuɗi. Shafin kyauta ne, takarda ba kyauta ba ce, kuma ajina ya haura yara sittin. Daga aljihuna nake bugawa, don haka na koma takarda ɗaya ga mutum huɗu, wanda daga baya na ga ya fi ma, saboda gardamar da ke tashi. Makon da babu wuta a shagon, na zana gidajen a allo da alli lokacin tara, suka kwafa a littafinsu na lissafi mai gida-gida. Ya ci lokaci, amma ya yi.

Ga wanda zai gwada, kada ya fara sabon darasi da shi. Na gwada sau ɗaya da batun maganaɗisu kafin in kawo ƙarfen aji su taɓa, su ga yana jan ƙusa yana ƙin jan cokalin roba, wasan ya zama zato kawai. Bayan an gani an taɓa ne yake da amfani, ya ɗaure sunan a jikin abin. Ba ya kuma koyar da lissafi ko kaɗan: yarinyar da ta rubuta DENSITY ba kuskure tana iya kasa raba kilo da girma ta fitar da amsa, wannan sai allo da maimaici.

A mako na tara na ba su aikin gida, kowace ƙungiya ta rubuto tambayoyi biyar nata, ni in zuba a shafin. Wasu sun kwafo littafi. Amma wata ƙungiya ta 'yan mata ta kawo wannan a kan GRAVITY: "Abin da ke sa guga ya sauka rijiya da kansa, amma ba ya fitowa sai an ja." Da ita na buɗe wasan mako na goma, lamba ɗaya a kwance, kuma na rubuta sunan ƙungiyarsu a gefenta. Zango mai zuwa da tambayoyinsu zan fara a aji ɗaya.